Likitan da Ya Bi Sawun Zazzaɓi Har Gidansa: Rayuwa da Aikin Dakta Daniel Kastner



GABATARWA

 Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, kuma babu wani gida da ke da wakili a wannan zaure wanda bai san zazzaɓi ba. A wurinmu, da zarar jikin yaro ya yi zafi, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne cizon sauro, in an matsa a ce taifot. To amma akwai wani irin zazzaɓi da babu sauro a cikinsa, babu kuma wata ƙwayar cuta da ta shigo daga waje. Jikin ne da kansa yake hura wutar, ta ci kwana biyu ko uku ta lafa, bayan 'yan makonni ta sake tashi, a haka har mutum ya girma.

Jawabinmu na yau ya shafi wani likita Ba'amurke, Dakta Daniel Kastner, wanda ya shafe sama da shekara 35 yana bin sawun irin wannan zazzaɓi. Abin da muke son fitowa da shi guda ɗaya ne: majinyacin da aka kasa gane ciwonsa, idan ya gamu da likitan da ya ƙi gajiya da tambaya, yana iya zama mabuɗin ilmin da zai amfani dubban mutanen da bai taɓa gani ba.

DAKARUN JIKI KASHI BIYU NE

Kafin mu shiga tarihin mutumin, ya kamata mu share fage da bayanin yadda jiki yake kare kansa. Mu ɗauki jikin ɗan'adam tamkar birni irin na da, mai ganuwa da ƙofofi, wanda yake da dakaru kashi biyu. Kashi na farko su ne masu tsaron ƙofa. Da su aka haifi mutum, ba sa buƙatar horo, ba su kuma san kowane maƙiyi da sunansa ba. Da sun hango ƙura ta tashi sai su kaɗa kuge, gari ya ɗauka. Kaɗa kugen nan shi ne abin da muke ji a jika a matsayin zazzaɓi da kumburi da raɗaɗi. Kashi na biyu su ne dakaru masu koyo. Sukan ɗauki kwanaki kafin su shirya, amma idan suka ga maƙiyi sau ɗaya sun riƙe kamanninsa ke nan, har su ƙera masa makami na musamman. Da waɗannan ne allurar rigakafi take aiki.

Tun da daɗewa likitoci sun san cewa dakaru masu koyo sukan yi kuskure su juya makamansu kan 'yan gari, kamar yadda yake faruwa a ciwon lufus da wani nau'in amosanin gaɓoɓi. Idan aka auna jinin masu irin waɗannan cututtuka, akan ga makaman da jiki ya ƙera domin yaƙar kansa. Abin da bai fito fili ba har ƙarshen ƙarni na 20 shi ne, masu tsaron ƙofa su ma suna iya samun tangarɗa, su riƙa kaɗa kuge alhali ko kare bai doshi ganuwa ba. Gari ya ruɗe, a yi ta harbi, rumbuna su ƙone, maƙiyi kuwa babu shi. Cututtukan da ke fitowa daga wannan tangarɗa su ne za mu kira cututtukan kumburi mai ta da kansa.

WANE NE DANIEL KASTNER?

An haifi Daniel Kastner a shekarar 1951 a garin Lockport na Jihar Niyok. Digirinsa na farko a fannin falsafa ya yi shi, a Jami'ar Princeton, ya kuma kammala a 1973. Daga nan ya tafi Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke birnin Houston a Jihar Teksas, inda ya haɗa karatu biyu, wato digirin digirgir na bincike da digirin likita, ya kammala su zuwa 1982. Bayan ya yi horon ƙwarewa a kan cututtukan manya, a shekarar 1985 ya koma Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, waɗanda aka fi sani da NIH, a garin Bethesda kusa da birnin Washinton, domin ya ƙware a kan cututtukan gaɓoɓi.

Irin wannan mutum shi ake kira likita mai bincike: ƙafarsa ɗaya tana ɗakin majinyata, ɗaya tana ɗakin gwaje-gwaje. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma haƙiƙa hanyar tana da wuya, domin karatun yana da tsawo, abin duniyar da ake samu kuma bai kai na likitan da ya buɗe asibitin kansa ba. Amfaninta shi ne, tambayar da ta taso a gefen gadon majinyaci, mutumin da ya ji ta da kunnensa shi ne zai ɗauke ta ya kai ta ɗakin gwaji, ya kuma dawo wa majinyacin da amsa.

A shekarar da ya isa NIH ne aka kawo masa wani saurayi mai tushen Armeniya, wanda tun yana yaro yake fama da zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi masu zuwa suna tafiya. Bincike ya nuna cewa yana da cutar da ake kira Zazzaɓin Gado na Bahar Rum. An san sunan cutar a lokacin, an san alamominta, amma babu wanda ya san musabbabinta. Wannan giɓi shi ne ya zama aikin rayuwar Kastner.

ZAZZAƁIN GADO NA BAHAR RUM

Cutar ta fi yawa a tsakanin al'ummomin da suka samo asali daga gabashin Bahar Rum da kewayensa: Armeniyawa, Turkawa, Larabawa da Yahudawa. Wani likita a Niyok mai suna Sheppard Siegal ne ya yi cikakken bayaninta a 1945. Takan fara tun ƙuruciya. Zazzaɓi mai zafi ya taso bagatatan, ya zo da ciwon ciki mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko kumburin gwiwa da idon sawu, ya yi kwana 1 zuwa 3, sannan ya wuce kamar ba a yi ba. Ciwon cikin yakan yi kama da na afendis, har an yi wa majinyata da yawa tiyatar da ba su da buƙatarta.

Babban haɗarin yana ɓoye ne. Kumburin da ke ta maimaituwa yana sa wani furotin da ake kira amiloyid ya riƙa taruwa a cikin ƙoda sannu a hankali, har ƙodar ta daina aiki. Kafin a sami magani, wannan ne ya kashe da yawa daga cikin masu cutar tun da sauran ƙuruciyarsu.

Sauƙi ya zo a 1972, lokacin da Dakta Stephen Goldfinger na birnin Boston ya ba da rahoton cewa wani tsohon magani mai suna kolcisin, wanda ake samu daga wani tsiro kuma aka daɗe ana amfani da shi a kan ciwon gaɓoɓin nan na gawut, yana hana zazzaɓin tashi idan ana shan sa kullum. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Isra'ila a 1974 sun tabbatar da haka, daga baya kuma aka ga cewa yana kare ƙoda. Ke nan an sami magani tun ba a san tushen cutar ba. Sai dai akwai kaɗan daga cikin majinyata da maganin ba ya yi musu aiki, kuma muddin ba a san tushe ba, babu gwajin da zai tabbatar wa likita cewa cutar ce.

ALLURA CIKIN RUWA

Kowane ɗan'adam yana ɗauke da littafin gado a cikin ƙwayoyin jikinsa, wato DNA, mai haruffa kimanin biliyan 3, a ɗaure cikin dammuna 23 masu zuwa bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kowane dami shi ake kira kuromozom, kuma a cikin dammunan akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. Lokacin da Kastner ya ɗaura aniyar gano ƙwayar da ke haddasa wannan zazzaɓi, ba a karanta littafin ba tukuna, domin babban aikin karanta shi a 1990 aka fara, ba a kuma kammala ba sai 2003. Aikin nasa ya yi kama da na mutumin da aka aika neman gida guda a ƙasar da ba ta da taswira, ba a gaya masa ko sunan lardin ba.

Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce ta bin iyalai. A ƙarshen shekarun 1980 ya tafi Isra'ila, ya haɗa hannu da Farfesa Mordechai Pras na Asibitin Sheba, wanda ya daɗe yana kula da masu cutar. Suka tattara jini daga iyalai masu yawa, na marasa lafiya da na 'yan'uwansu masu lafiya. A 1990 wata matashiyar likita daga birnin Belgrade, Dakta Ivona Aksentijevich, ta shigo ɗakin bincikensa, ta kuma zama ginshiƙi a aikin na shekaru masu yawa. Dabarar ita ce a duba wane yanki na littafin gado ne marasa lafiya a gida ɗaya suka yi tarayya a kansa, wanda masu lafiya ba su gada ba. A 1992 suka gano lardin: ƙwayar tana kan dami na 16. Sai da aka ƙara shekara biyar, tare da ƙawancen masu bincike daga ƙasashe da dama, kafin a kai ga ƙofar gidan.

A 1997 ƙawancen da Kastner ya jagoranta ya bayyana ƙwayar, wadda aka raɗa wa suna MEFV. A daidai wannan lokaci wani rukunin masana na Faransa shi ma ya gano ta. Furotin ɗin da ƙwayar ke samarwa, Kastner da abokansa suka kira shi pirin, daga kalmar Girkanci mai nufin wuta. Daga ganin saurayin nan zuwa wannan rana shekara 12 ke nan. Lallai mai haƙuri shi kan dafa dutse. Bincike na baya ya nuna cewa pirin yana cikin masu tsaron ƙofa, a fararen ƙwayoyin jini yake aiki, kuma a jikin masu cutar yakan kaɗa kuge a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

SUNA GA DANGIN CUTUTTUKA

Da labarin ya bazu, sai likitoci daga sassan duniya suka riƙa turo majinyata masu zazzaɓin da aka rasa kansa. Wasu daga cikinsu ba su da wata matsala a ƙwayar MEFV, kuma ba su da alaƙa da Bahar Rum. Tun a 1982 an ba da labarin wani iyali mai tushen Ailan da Sikotlan waɗanda zazzaɓinsu yakan kai makonni, kuma gado daga ɗaya cikin iyaye ya isa ya sa ɗa ya kamu. Kastner ya haɗa kai da Dakta Michael McDermott na Landan, kuma a 1999 suka gano cewa matsalar tana wurin da wani sinadarin kumburi mai suna TNF yake sauka a jikin ƙwayoyin halitta. Suka sa wa cutar suna TRAPS.

A cikin rahoton nan na 1999 ne suka kawo ra'ayin da ya fi gano ƙwayar kanta muhimmanci. Suka ce ga cututtuka biyu, tushensu daban, amma halinsu ɗaya: kumburi ba tare da ƙwayar cuta ba, ba tare kuma da makaman da dakaru masu koyo ke ƙerawa ba. Saboda haka dangi ne na musamman, ya kamata a ba shi suna nasa. Wannan suna ya buɗe sabon babi a ilmin likitanci. Shekara uku bayan haka, a 2002, Farfesa Jürg Tschopp na birnin Lausanne a Suwizalan ya bayyana wani murhu da ke cikin ƙwayoyin halitta, wanda ya kira infilamasom, inda ake kunna sinadarin zazzaɓi mai suna intalukin-1. Daga baya aka tabbatar cewa pirin ma yana haɗa irin wannan murhu. A yau cututtukan gado da aka sani a cikin wannan dangi sun haura 40.

DAGA ƊAKIN GWAJI ZUWA GADON ASIBITI

Mai sauraro yana iya cewa: to an sa suna, me majinyaci ya samu? Bari mu kawo misalai uku.

Na farko shi ne cutar NOMID, wadda take kama jariri tun kwanakin farko na haihuwa. Yaro ya taso da ƙuraje da zazzaɓi kullum, da kumburin rigar ƙwaƙwalwa, ji da gani su yi ta raguwa, gwiwoyi su lalace. A 2002 rukunin Kastner da wani rukuni a Faransa suka nuna cewa ƙwayar gadon da ta sami matsala tana cikin masu haɗa murhun nan, wato jikin yaron yana ta zubo intalukin-1 ba ƙaƙƙautawa. Akwai kuwa wata allura mai suna anakinra da aka riga aka ƙera domin wani ciwon gaɓoɓi, wadda aikinta shi ne toshe wannan sinadari. Dakta Raphaela Goldbach-Mansky ta jagoranci gwada ta a NIH a kan majinyata 18, aka fitar da sakamakon a 2006. Dukkansu sun sami sauƙi, ƙurajen da aka haife su da su suka ɓace cikin 'yan kwanaki. A ƙarshen 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar domin wannan cuta.

Na biyu shi ne cutar DIRA, wadda suka bayyana a 2009 a jikin yara 9 daga iyalai 6. Su waɗannan yara an haife su ne babu burkin da jiki ke taka wa intalukin-1, sai fata ta yi ruwan ƙuraje, ƙasusuwa su kumbura. Anakinra kuwa kwaikwayon wannan burki ce, saboda haka ba su ita tamkar mayar musu da abin da suka rasa ne.

Na uku shi ne cutar DADA2, wadda aka bayyana a 2014, a lokaci guda da wani rukuni na Isra'ila. Yara ƙanana ne ke samun shanyewar ɓarin jiki sau da yawa, ciwon da muka saba gani ga tsofaffi. Likitocin NIH suka gwada magungunan da ke toshe TNF. A rahoton da suka fitar a 2019 game da majinyata 15, an ƙirga bugun shanyewa 55 kafin a fara maganin, bayan an fara kuwa ba a sami ko ɗaya ba a tsawon lokacin da aka bi su. Duk uban da ya taɓa ɗaukar ɗansa a kafaɗa zuwa asibiti cikin dare ya san nauyin wannan lissafi.

CUTAR DA TA ƁUYA A JIKIN DATTAWA

Har zuwa wannan lokaci ana ɗaukar cututtukan nan a matsayin na gado, masu bayyana tun ƙuruciya. A 2020 wannan fahimta ta faɗaɗa. Wani matashin likita a ɗakin binciken Kastner, Dakta David Beck, ya juya tsarin aikin. Maimakon a tara masu alamomi iri ɗaya a nemi ƙwayar da ta haɗa su, sai ya fara daga ƙwayoyin gado, ya duba bayanan mutum 2,560 waɗanda aka kasa gane ciwonsu. Ya tarar da maza uku da ke da canji iri ɗaya a wata ƙwaya mai suna UBA1. Tare da Dakta Peter Grayson da Dakta Marcela Ferrada aka ci gaba da nema har adadin ya kai maza 25.

Mutanen nan duk sun manyanta kafin ciwon ya same su, kuma mafi yawansu an riga an laƙaba musu sunan wata cuta daban. Suna fama da zazzaɓi, da ƙarancin jini, da kumburin guringuntsin kunne da hanci, da matsalar huhu da fata. Goma daga cikin 25 ɗin sun riga mu gidan gaskiya kafin a fitar da rahoton. Abin da ya ba masana mamaki shi ne, ba gadon canjin suka yi ba: a cikin ɓargonsu ya auku bayan sun girma. Aka sa wa cutar suna VEXAS. Wani bincike da aka fitar a 2023, wanda ya duba bayanan mutum sama da 163,000 a Jihar Pennsylvania, ya ƙiyasta cewa namiji 1 cikin kimanin 4,000 da suka haura shekara 50 yana da ita. Ashe cutar ta daɗe tana zaune a asibitoci, suna ne kawai ba ta da shi.

TSAKANIN ZAZZAƁIN BAHAR RUM DA SIKILA

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masana. A wasu al'ummomin Bahar Rum, mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da ƙwayar wannan zazzaɓi. Me ya sa abu mai cutarwa zai yawaita haka? A 2020 rukunin Kastner ya kawo hujjojin da ke nuna cewa pirin mai saurin kaɗa kuge yana ba da kariya daga annobar nan da ƙumar ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta hallaka aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351. Ƙwayar wannan annoba tana da dabarar rufe bakin pirin na yau da kullum, amma pirin mai tangarɗa ba ya rufuwa da sauƙi. Ana zaton waɗanda ke ɗauke da shi sun fi tsira, suka kuma gadar wa jikokinsu.

Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Tun 1954 Dakta Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadon sikila, wato mai jinin AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa sikila ta yawaita a ƙasashenmu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa kusan kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ita, kuma ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu cutar kowace shekara. Garkuwar da ta tsare kakanni ita ce ta zama nauyi a kan wasu jikoki. Lissafin gadon ma kusan iri ɗaya ne: idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4.

RIBAR DA TA KAI GA KOWA

Akan yi ƙorafi cewa kashe kuɗi a kan cutar da ba ta kama mutum ɗaya cikin dubu ɗari ba almubazzaranci ne, alhali ga cututtukan da ke kashe miliyoyi. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, musamman a ƙasashen da kasafin lafiya bai taka kara ya karya ba. Sai dai cutar da ƙwayar gado guda ta haddasa tana nuna wa masana aikin wannan ƙwaya ƙarara, kamar yadda makaniki yake gane amfanin ƙaramin ƙarfe ranar da ya karye mota ta tsaya. Abin da aka koya daga yara 'yan ƙalilan ya haska cututtukan gama-gari. A 2006 rukunin Tschopp ya nuna cewa ciwon gawut ta murhun nan yake tashi. A 2017 wani babban gwaji da Dakta Paul Ridker ya jagoranta a kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya ya nuna cewa toshe intalukin-1 yana rage sake aukuwar matsalar da kimanin kashi 15 cikin 100. A 2023 kuma Amurka ta amince da ba da kolcisin kaɗan-kaɗan domin kare masu ciwon jijiyoyin zuciya.

Duniya ta yaba wa Kastner. An zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 2010, ya riƙe muƙamin daraktan kimiyya na cibiyar binciken ƙwayoyin gadon ɗan'adam ta NIH daga 2010 zuwa 2021, kuma a 2021 Majalisar Masana Kimiyya ta Suwidin ta ba shi lambar yabo ta Crafoord saboda kafa wannan fanni.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ya zama wajibi mu yi hattara a nan, kada wani ya bar wannan zaure yana zaton duk zazzaɓin da ya dawo wa ɗansa irin wannan ne. Cututtukan nan ba su da yawa, kuma a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka da sikila su ne a sahun gaba. Darasin shi ne a daina yi wa zazzaɓi hukunci da ido. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a auna jini kafin a ba da maganin cizon sauro. Idan an auna sau da yawa ba a ga komai ba, zazzaɓin kuma yana dawowa da siffa ɗaya, to lokaci ya yi da za a nemi asibitin koyarwa, maimakon a ci gaba da sayen magani a kemis ko a ɗora wa maƙwabta laifin sammu.

Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa sanin jikin 'ya'yanku. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da zazzaɓi ya fara, da ranar da ya sauka, da abin da ya zo tare da shi, da kuma ko akwai mai irinsa a dangi. Da irin wannan bayani likitoci suke gane cututtukan nan tun kafin a kai ga gwajin DNA. Kada kuma wanda ya ji sunan kolcisin a nan ya je ya saya ya sha, domin magani ne da idan ya wuce ƙima yake kisa. Game da aure kuwa, musamman na zumunci, gwajin jini kafin a ɗaura shi kariya ce ga zuriya, ba tozarta kowa ba ne.

Ɗalibanmu masu sha'awar likitanci, ku lura da cewa duk abin da Kastner ya gano ya fara ne daga sauraron majinyaci da bin tarihin iyalinsa, abin da ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ku lura kuma cewa bai yi aikin shi kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mafi yawan binciken ƙwayoyin gado da aka yi a duniya a kan Turawa aka yi shi, alhali mutanen Afirka sun fi kowa bambancin gado a tsakaninsu. Wannan fage yana jiran masu noma shi, kuma babu wanda zai fi ɗan gida sanin yadda zai shiga gidajenmu ya yi tambaya cikin ladabi a amsa masa.

KAMMALAWA

Mun ga yadda aka tashi daga cuta guda da ba a san tushenta ba a 1985, aka kai ga dangin cututtuka sama da 40, da gwaje-gwajen gano su, da magungunan da suka tsare yara daga kurumta da shanyewar jiki. An kai ga haka ne saboda likita ya ɗauki ciwon da ba a gane ba a matsayin bashi a kansa, iyalai kuma suka yarda suka ba da jininsu da tarihinsu domin amfanin waɗanda za su zo bayansu. Rashin sani ya fi dare duhu, amma sannu ba ta hana zuwa.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.